Maɓallin Kakana

Asabar ce a Glasgow, sama ta ɗaure fuska,
yayyafi yana sauka, ba ya ko gajiyawa.
Kakana Murdo ya zazzage aljihu a kan tebur:
kuɗin bas, kuɗin shayi biyu, da maɓallin riga ɗaya.
Ya ce, "Ailsa, ɗauko lema.
Yau za mu inda ba a auna nauyin aljihun mutum,
ƙofa ce a buɗe, sai shigewa."

Mun fara da gidan tarihin jami'a, can bisa tudu,
inda daɓen katako ke ƙorafi in an taka shi.
Ga ƙashin wata dabba da ta riga kogi zuwa duniya,
ga duwatsun da suka faɗo daga sama,
ga wuƙaƙen likitocin dā a jere cikin gilashi,
har da zarto, wai don ƙafar mutum.
Kaka ya dafe gwiwarsa mai ciwo,
ya ce, "Ke, rufa mini asiri mu yi gaba,"
muka fito ina ta ƙyalƙyalawa.

Sai muka gangara bakin Clyde,
gidan da aka tara duk abin da ya taɓa gudu ya gaji.
Motoci a jikin bango kamar kwanuka a kanta,
kekuna na shawagi bisa kawunanmu,
kan jirgin ƙasa baƙi wuluk ya yi tsit
kamar bai taɓa firgita saniya ba.
Yara na hawa suna sauka,
ba mai cewa kul, ba mai hanawa.

Can ga taragon titi mai hawa biyu, ruwan lemo da kore.
Nan Kaka ya tsaya cak.
Ya ce mahaifiyarsa Senga kwandasta ce a irinsa,
shekara goma sha tara tana huda tikiti,
jakar fata a kafaɗa, sulalla na kuka a ciki,
in ta dawo gida hannunta warin tagulla yake.
Ya hau, ya nemi kujerar baya,
ya miƙa tafi ga wadda ba ta nan,
ya ce, "Partick, rabin kuɗi, yaro ne."
Ni kuwa na duƙufa karanta allo
don kada ya san na ga abin da idonsa ke zubarwa.

A sashen jiragen ruwa, 'yan ƙananan samfura,
ya nuna guda da kan sandarsa:
"Wannan na yi wa walda a Govan, hunturu biyu cur.
Nan na bar rabin jina, nan Dougal ya bar yatsa."
Na bi rubutun da ido:
tsawo, nauyi, shekara, sunan kamfani.
Babu Murdo. Babu Dougal.
Na ce, "Kaka, sun manta da ku."
Ya ce, "Wa ya taɓa ganin sunan allura a jikin riga?
In ɗinki ya riƙe, ai an gama faɗawa."

Wasu baƙi masu jakar goyo suka ji, suka matso,
suka bar allo suka koma karanta Kaka.
Ya kwance musu bakin buhu,
ya kwatanta tartsatsi da yatsu goma,
bai ankara ba har mai shayi ya kife kujeru,
mai gadi na kaɗa makullai, alamar rufewa.

A bakin fita akwai akwatin gudummawa, ba tilas.
Ya juye kuɗin shayin nan duka,
maɓallin ma ya bi su, ba da niyya ba.
Ya leƙa ta gilashi, ya gan shi kwance cikin sulalla,
ya ce, "To, madalla.
Yau ni ma na ajiye kaya a gidan tarihi."

Muka tsaya jiran bas, ciki na kiran ciroma,
lema ɗaya, ita ma haƙarƙarinta biyu sun karye,
rigarsa a buɗe daidai inda maɓallin ya bari,
kogi na wucewa abinsa,
ba tikiti, ba tsayawa.